Launin Ɗan Taure

A shekarar 1993 babu ɗan aji shida a makarantar su Mero da bai san Ɗan Taure ba. Ba shi ne sunan gem ɗin na gaskiya ba. Rubutun da ke jikin kaset ɗin na wasu mutanen gabas ne, ba wanda ya iya karanta shi, sai yara suka dubi abin da ke tsalle a talabijin, suka ga ɗan akuya ne da ƙaho biyu da ɗan gyale a wuya, suka raɗa masa suna. Aikinsa gudu, da tsalle daga wannan katako zuwa wancan, da tsintar ƙararrawa, da tunkuyin duk abin da ya tare masa hanya. Gari takwas ne a cikin wasan. Rai uku ake ba mutum, in suka ƙare a mayar da shi farko ko da yana bakin ƙofar ƙarshe. Duk ajin, har da masu cika baki, a gari na biyar suke tsayawa, inda katakai ke yawo sama da ƙasa a kan ruwa.

Mero kuwa ta ƙare shi, ba sau ɗaya ba, sau huɗu.

Mahaifinta, Malam Tukur, mai gyaran rediyo da talabijin ne a bakin titin Unguwar Kanawa. Shi ke gyara lasifikar makarantar, ta nan ne hedimasta ya sama wa Mero gurbi a cikin 'ya'yan manyan ma'aikata masu zuwa a mota. Wata rana wani ya kawo masa na'urar gem da ta faɗi ta tsage, daga baya ya aiko a jefar, ya riga ya sayo wa yaransa sabuwa. Malam Tukur kuwa mutum ne da ko ƙonannen fis ba ya jefarwa. Ya zauna mata da dalma da baƙin tef har ta tashi, ya kawo gida da kaset ɗaya a cikinta.

Talabijin ɗin gidan ƙarama ce, baƙi-da-fari. Sai dai a gaban gilashinta an maƙala wata roba mai shara-shara da ake sayarwa a kasuwa a zamanin: samanta shuɗi, tsakiyarta ruwan hoda, ƙasanta kore. Mai karanta labarai, ko me ya sa, da shuɗiyar hula zai fito, da jar fuska da koriyar riga. Mero ta taɓa tambayar mahaifinta ko haka ta masu kuɗi take, ya ce, "Ai duk ɗaya ne, Mero. Su a ciki ake saka musu robar tun daga kamfani, mu kuma a waje muka maƙala." Wasa yake yi, ya faɗa ya manta. Ita kuwa ta ɗauka ta adana, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Saboda haka a wurin Mero, Ɗan Taure dabba ne mai canza launi. In yana gudu a ƙasa kore ne, in ya hau katako ya koma ruwan hoda, in ya yi dogon tsalle ya zama shuɗi. Da wannan ta gano sirrin gari na biyar. Akwai layin da ruwan hoda ke haɗuwa da shuɗi. Da zarar katako ya taɓa layin nan, sai ta danna, tauren ya haye. Ba ta ƙirga komai, ba ta tunani, ido ya ga layi yatsa ya danna. Duk garuruwan da suka biyo baya da layukan robar nan biyu ta auna su.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, an fita tara, 'yan matan aji suna zaune a gindin dalbejiya. A tsakiyarsu Sa'adiya take, 'yar wani darakta a Unguwar Rimi, yarinya mai tsafta da sanyin murya. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, malamai kullum da ita suke misali. Muguntarta cikin ladabi take, irin wadda sai mutum ya koma gida ya kwanta sannan zai gane an ci masa fuska. Ƙawarta Ladi ce ke ta mitar gari na biyar ya cinye mata rayuka jiya. Mero na gefe tana cin rogo da yaji, ba a sa da ita ba, amma abin da ta sani ya ƙi zama a cikinta.

"Ai mai sauƙi ne," in ji ta. "Ki jira katakon ya hau har ya fara zama shuɗi, sai ki yi tsalle. In tauren ya koma shuɗi shi ma, to kin haye."

Duk suka juyo suna kallon ta. Ladi ta ce, "Wane tauren ne ke komawa shuɗi?"

"Ɗan Taure mana. A ƙasa kore ne, a sama shuɗi. Ni fa na ƙare shi, sau huɗu."

Sa'adiya ta rufe robar abincinta a hankali. "A gidanku kike yi?"

"E."

"Talabijin ɗinku mai kala ce?"

"Mai kala ce."

"To, Mero," ta ce da muryar nan tata mai taushi, "tauren fari ne. Gyalensa ja. Tun daga gari na ɗaya har inda kowa ya kai, fari ne. Kin tabbata kin taɓa ganin gem ɗin?"

Dariya ta ɓarke. Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji an gama raɗa mata suna: Mero Maƙaryaciya. Ran Talata ta tarar an rubuta shi da alli a kan tebur ɗinta. Ran Laraba wani ɗan aji uku da ba ta ma san shi ba ya kira ta da shi a bakin famfo. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta san ba ta da takalmin da ya kai nasu, ba ta da jakar da ta kai tasu, amma duk wannan bai taɓa hana ta barci ba, domin ta san in ta yi magana ana yarda. Yanzu ko fensirinta ta ce ya ɓace sai wani ya ce, "Shuɗi ko kore?"

Sa'adiya ce ta kawo mafita. "Ku bar ta haka mana," ta ce wa sauran. "Mero, jibi Juma'a babu islamiyya. Ki biyo mu a mota, ki ƙare shi a gabanmu. In kin ƙare, wallahi ni da kaina zan tsaya gaban aji in wanke ki."

Mero ta amsa da murna, har tana godiya.

Gidan su Sa'adiya katanga ce doguwa da furanni a kanta, da mai gadi, da falo biyu. A babban falon akwai talabijin da ta kusa kai ƙofar ɗakin su Mero faɗi, amma ba a haɗa gem da ita, don Alhaji, mahaifinta, ya ce gem na ƙona talabijin. Falon yara aka kai ta, inda aka ajiye musu wata ƙarama da aka daina yayi. Girmanta ɗaya da ta gidan su Mero, wannan ya kwantar mata da hankali. Yayan Sa'adiya, Abdurrahim, ɗan aji biyu a sakandare, shi ya hura kaset ɗin da baki, ya danna shi, ya kunna, ya miƙa wa Mero abin dannawa.

Mero ta kusa sakin abin dannawar. Ba ta taɓa sanin haka wasan yake ba. Sararin sama ruwan goro ne kamar la'asar sakaliya, ƙararrawa ruwan ɗorawa suna ƙyalli, bishiyoyi da jajayen 'ya'ya, kowane gida da launin rufinsa. Ga tauren nan fari fat, gyalensa ja, ya yi tsalle ya dawo yana nan farinsa. Abin ya yi mata kyau ƙwarai, kuma a lokaci guda ta sha jinin jikinta.

Duk da haka hannunta ya san hanya. Ta wuce gari na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, ba ta rasa rai ko ɗaya ba, har Abdurrahim ya gyara zama ya daina cin gyaɗarsa. Sai ga gari na biyar. Katako ya fara hawa. Mero ta kafa ido inda layinta yake, babu layi. Sama ɗaya ce shimfiɗe daga bisa har ƙasa. Ta danna a kan ƙiyasi, tauren ya faɗa ruwa. Ta sake, ya sake faɗawa. A rai na uku ma ba ta danna ba, tana ta neman layin har katakon ya juye da shi.

Ladi ta yi ta dariya har da kwanciya a kan kafet. Sa'adiya ba ta yi ba. Ta tashi ta ɗauko wa Mero lemon kwalba mai sanyi, ta buɗe mata da kanta.

"Ba komai, kin kai inda kowa ke kaiwa," ta ce. "Amma ƙarya fa ba kyau, Mero. Ko a islamiyya an faɗa mana."

Da ta koma gida kafin magariba, ko hijabi ba ta cire ba ta kunna gem ɗinsu. Ga taurenta kore yana jiran ta. Ta sa yatsa ta ɗaga gefen robar. A ƙarƙashi babu kore, babu shuɗi, babu komai sai toka-toka, tauren da bishiyoyin da saman duk kamar an wanke su da ruwan toka. Ta saki robar, launi ya dawo. Ta sake ɗagawa. Tana haka Malam Tukur ya shigo da jakar kayan aikinsa.

"Baba," ta ce, ba ta juyo ba, "tamu ba mai kala ba ce ko?"

Ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wa ya faɗa miki?" Bai jira amsa ba, ya ce, "Tana dai nuna hoto ko? To ki sauke robar nan kar ki yage ta." Ya ɗauki buta ya fita alwala.

Makon da ya biyo ya fi na baya muni, don yanzu akwai shaidu. Har malamar aji ta ji, ta yi musu nasiha a kan ƙarya tana kallon sashen da Mero ke zaune. Kullum in ta dawo sai ta ɗage robar ta gwada wasan a toka-toka, ko hannunta zai koyi tsalle ba layi. Ina! Abin da aka yi wata shida ana koya ba ya sakuwa a kwana biyar. Gari na biyar ya ci gaba da cinye ta. Da ta mayar da robar kan gilashin kuwa, sai ta wuce kamar ba ita ba.

Ba wawuya ba ce. Ta san in ta kai robar nan Unguwar Rimi, ta kai musu cikin ɗakinsu ne su leƙa. Ta yi ta juya abin a ranta har daren Alhamis, a ƙarshe ta ga gara a san abin da ke gidansu da a ci gaba da ce mata maƙaryaciya. A ganinta in dai gaskiya ta fito, sauran mai sauƙi ne. Ranar Juma'a da safe, bayan mahaifinta ya fita, ta ɓamɓare robar a hankali, ta naɗe ta cikin tsohuwar kalanda, ta saka a jaka tare da guntun baƙin tef. A makaranta ta roƙi Sa'adiya ta ba ta dama ɗaya tak.

"Haba, ko goma kike so," in ji Sa'adiya. Ta kuma gayyato wasu 'yan aji biyar.

Falon yara ya cika. Abdurrahim ya kunna, launuka suka fito, ya miƙa wa Mero abin dannawa. Ba ta karɓa ba tukuna. Ta durƙusa gaban talabijin ɗin, ta buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa inda maɓallai suke, don ta sha ganin mahaifinta yana yi wa tasu. Ta lalubo na kala ta murɗa. Ruwan goron ya dushe, jan gyalen ya dushe, ta ci gaba da murɗawa da hannunta har komai ya koma toka. Sannan ta warware kalandar, ta ɗora robar a kan gilashin, ta liƙe kusurwa huɗu da tef.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Abdurrahim.

Ladi ta daka tsalle. "Na san shi! Wallahi na san shi! Irinsa ne a ɗakin mai wankinmu!"

Aka kwashe da dariya. Mero ta ji ta har cikin ƙashinta, amma ta zauna, ta naɗe ƙafa, ta karɓi abin dannawa. Ga taurenta kore. Ta danna.

Gari huɗun farko dariya ce ta raka ta. Wani na cewa a duba bishiya rabi kore rabi ja, wata na tambaya ko nawa ake sayar da mudun kalar a Kanawa. Da aka shiga na biyar katako ya hau, ya taɓa layi, yatsanta ya danna, tauren ya tashi ya zama shuɗi ya sauka a ɗaya katakon. Ta sake. Ta sake. Sai ga su a tsallaken ruwa, wurin da babu wanda ya taɓa gani a ɗakin nan sai ita. Gari na shida kogo ne mai duwatsu da ke faɗowa. Na bakwai iska ce ke tura mutum baya. Dariyar ta ragu, Abdurrahim ya matso har kafaɗarsa na taɓa tata, yana cewa, "A hankali, a hankali, ga wani nan ta sama." Ta rasa rai ɗaya a na bakwai, ɗaya a farkon na takwas. Da ran ƙarshe ta hau doguwar hasumiya, katako bayan katako, ta yi wa ƙaton tsuntsun da ke tsaron ƙofa tunkuyi uku, ya faɗo.

Ƙofa ta buɗe. Wata tsohuwar akuya ta fito, tauren ya ruga ya jingina da ita, kiɗa ya canza, rubutun da ba wanda ya iya karantawa ya fara hawa sama.

Mero ta ajiye abin dannawar. Farin ciki ne fal cikinta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a gida. Ta juya ta dubi Sa'adiya.

"Kin gani?"

"Na gani," in ji Sa'adiya. "Kin ƙare shi." Ta dubi robar. "Haka kuke kallon labarai ma? Da wasan kwaikwayo?"

"E."

"Ke da Babanki duka? Shi da yake gyara ta mutane?"

Mero ta juya don ta cire robarta. Ladi ta riga ta ɓamɓare robar ta ɗora a fuskarta tana bin kowa da kallo, sai da Abdurrahim ya daka mata tsawa ta miƙo. Mero ta naɗe abarta, gefe ɗaya ya ɗan yage. A hanyar gida, cikin bas, ta yi ta faɗa wa kanta cewa ba komai, sun gani da idonsu, ranar Litinin za a wanke ta.

Sa'adiya kuwa mai cika alkawari ce. Ranar Litinin, kafin malama ta shigo, ta fita gaban aji, ta tafa hannu sau biyu, kowa ya yi shiru.

"Daga yau kar wanda ya sake ce wa Mero maƙaryaciya," ta ce. "Na gani da idona, ta ƙare Ɗan Taure. Duk abin da ta faɗa mana, haka take ganinsa a gidansu. Talabijin ɗinsu ba ta da kala, roba suke liƙawa a gaba. Don haka ba ƙarya ta yi ba, talauci ne kawai. Kuma Mamina ta ce babu kyau a yi wa marar hali dariya."

Ta koma ta zauna. Ba wanda ya yi dariya a lokacin, kuma shirun ya fi dariyar zafi. Yarinyar da ke zama kusa da Mero ta ɗan turo mata rabin biredinta ta ƙarƙashin tebur, tana kallon ta da tausayi. Mero ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka fita tara ta gane Ladi ba ta zo hannu rabbana ba. Alewa ta kawo cike da aljihu, mai naɗe da leda shara-shara, ja da shuɗiya da koriya, ta raba wa kowa. Mero na fitowa daga aji ta tarar da su jere a gindin dalbejiya, maza da mata, kowa ya ɗora ledar alewa a ido yana kallon ta.

"Yau duk muna da mai kala!"

"A wajena koriya ce!"

"Mero, yi tsalle mu ga ko za ki koma shuɗiya!"

Ta tsaya da ƙullin rogonta a hannu. Ta duba ko'ina, ba inda za ta bi. A makon jiya, da suke ce mata maƙaryaciya, faɗa suke yi da ita kamar yadda suke yi da junansu, kuma tana da abin da za ta mayar. Yau ba ta da shi, don duk abin da suke faɗa gaskiya ne, ita ce kuma ta naɗo shi a kalanda ta kai musu har gida. Hawaye ya cika mata ido, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙarya na yi! Tamu mai kala ce, babba ma! Robar nan a bola na tsinta don in yi muku wasa. Ƙarya nake yi tun farko!"

Ta tsaya tana jira wani ya kira ta da tsohon sunan. Ba wanda ya kira. Sa'adiya, wadda ita kaɗai ba ta sa leda a ido ba, ta taso ta dafa mata kafaɗa, ta gyara mata hijabin da ya karkace.

"Haba, Mero," ta ce. "Ki daina. Ai mun riga mun yarda da ke."